Kundin Farko na Marka

A wani daji da teku ya kewaye, inda ruwan sama ke sauka ba sallama kuma ya wuni bai ce zai tafi ba, an yi wata 'yar kanari ana ce mata Marka. Yarinyar nan Allah ya ba ta murya, ba wai ba. In ta hau can ƙololuwar waƙa sai muryar ta ɗan yi rawa, ta tsage kaɗan, sannan ta sauko, kuma duk wanda ya ji wurin nan sai tsigar jikinsa ta tashi. Gadon ubanta ne, marigayi. Uwarta kuwa tana kogon wani ɓaure can ƙarshen daji, ta tsufa, idanu sun tafi, fiffike ya daina ɗaukarta. Ranar da Marka za ta tafi tsakiyar daji neman sa'a, alkawari ɗaya ta yi wa tsohuwar, cewa ba za ta dawo ba sai muryarta ta riga ta isowa ƙofar kogon.

To, ga yadda ake yi a dajin. Mawaƙi ba ya yawo da waƙarsa. In ya haɗa guda goma sha biyu sai ya rera su gaban aku arba'in, su haddace, su bazu gida gida suna maimaitawa. Wannan shi ake kira kundi. Aku kuwa ka san halinsa, abin da ya ji shi zai faɗa, har tarin da ka yi a tsakiya, kuma daga ta ɗaya yake farawa, ko za ka kashe shi ba zai tsallaka zuwa ta biyar ba. Amma kafin mawaƙi ya ga ko aku ɗaya, sai Majalisar Kunne ta saurare shi ta amince.

Shugaban majalisar Malam Burtu ne, wanda tun da aka ƙyanƙyashe shi ba a taɓa jin ya yi waƙa ba, shi ya sa kowa ya yarda ba ya son kai. Sai Hawainiya, wadda ta san abin da ake yayi. Sai Jemage, mai sharhi, wanda da yake da rana ake zama, a rataye yake halarta yana barci.

Marka ta tsaya gabansu, ta rera sha biyun nan. Da ta gama ta koma gefe. Can Malam Burtu ya gyara murya ya ce:

"'Yata, mun ji, kuma mun yaba. Shekara talatin ina kan wannan reshe ban ji irin wannan ba, saboda haka ne ma ba za mu bari ki fita haka ba. Dajin nan yana son sabon abu, amma sabon da ya taɓa ji. Akwai 'yar rawa a muryarki. Mu da muka san waƙa mun gane kyanta, talaka kuwa zai ɗauka mura ce. Ki ba mu wata uku, za mu gyara ki yadda ba mai kuka da ke."

Hawainiya ta ƙara da cewa bana gajerun waƙoƙi ake so, masu amshi sau huɗu, tana magana tana sauya launi gwargwadon wanda ya gyaɗa kai. Aka taɓa Jemage ya farka, ya ce rabin ƙarshe ya fi na farko zurfi, ya koma barcinsa.

Kada ka ga laifin Marka da ta ce to. Yarinya ce, ba ta san kowa a tsakiyar daji ba, ga manya suna ce mata 'yata. Kuma gaskiya babu mai nufinta da sharri a cikinsu, da akwai ma da abin ya zo da sauƙi.

Hawainiya ce ta karɓi aikin. Kullum da safe ta ɗora mata ɗigon ruwa a kan baki ta ce ta hau ƙololuwa, in ɗigon ya faɗi a sake. Ranar farko ya faɗi sau saba'in. Bayan mako uku sau tara kawai ya faɗi, Hawainiya ta yi ta sa mata albarka. Ita kuwa Marka da ta ji rawar muryarta na tafiya, sai tsoro ya kama ta. Ta koma gaban majalisa ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "na gode da duk abin da ake yi mini. Alfarma ɗaya nake roƙo. Akwai waƙar da na yi wa ɓauren da aka haife ni. Uwata ba ta gani, da kunne take gane nata. A gyara sha ɗayan yadda aka ga dama, amma wannan ɗaya a bar mini ita yadda na zo da ita."

Majalisa ta yi zama biyu a kan maganar. A ƙarshe ta amince, ta kuma yaba wa kanta bisa wannan karamci. Aka kira aku arba'in ɗin a ranar, Marka ta rera musu waƙar ɓaure da rawarta da tsagewarta, aka ce su ajiye ta a ƙarshe, ta goma sha biyu, inda ba za ta dami kowa ba. Marka ta fita tana murna, a ganinta ta ci nasara.

Wata uku na cika ɗigo ya daina faɗuwa. Ta ba aku sauran sha ɗayan, suka tashi. Kai, daji ya ɗauka! Birai na amshi a sama, kwaɗi na amshi a ƙasa, iyaye suka fara sa wa 'ya'yansu suna Marka. Ita ma ta ji daɗi ƙwarai, wa zai ƙi? Amma ba ta tsaya karɓar gaisuwa ba, ta bi bayan akun da aka tura ƙarshen daji. Kwana biyu suna tafiya. Da hantsi suka isa, ta laɓe a reshen sama ba ta yi sallama ba, don tana son ta ga fuskar tsohuwar in an kai ta sha biyu.

Aku ya yi sallama, ya ce daga wurin Marka yake. Tsohuwa ta rarrafo bakin kogo, ta karkata kai. Ya rera ta ɗaya. Ya rera ta biyu. Yana gama ta uku ta ɗaga fiffike ta tsayar da shi.

"Sannu da ƙoƙari, bawan Allah. Yarinyar nan tana da murya, Allah ya raya ta. Amma ka yi ɓatan kai, suna ne ya zo ɗaya. Tawa in ta kai sama muryarta rawa take yi, irin ta ubanta. Je ka nemi uwar wannan, kada ka bar ta tana jira."

Aku ba ya gardama, ga kuma gidaje da yawa a gabansa. Ya yi godiya ya tashi da sauran tara a cikinsa.

Marka ta ce a ranta ai ga ta da kanta, me za ta yi da aku? Ta sauko reshen ƙasa, ta buɗe baki ta fara waƙar ɓaure. Ta hau, ta hau, ta kai wurin nan da take jira, sai muryar ta wuce sumul. Ta koma baya ta sake hawa, ta matse maƙogwaro, ta tuna ubanta, ta tuna duk abin da ke sa ta kuka. Muryar ta sake wucewa sumul, da ɗigo na kan bakinta da ko motsi ba zai yi ba.

"Au, ba ka tafi ba?" in ji tsohuwa. "Har waƙar gidan nan aka koya mata? To, ba haka ake yin ta ba. Ka gaishe ta dai. In kuma ka gamu da tawa a hanya, ka ce mata ina nan, ban gusa ba."

Ta juya a hankali ta shige kogo. Marka ta daɗe a kan reshen, ruwa na dukanta, tana neman muryar da za ta ce "Inna, ni ce."

A ƙarshen shekara Majalisar Kunne ta sanar da cewa ta gano sabuwar murya a dajin, kuma cikin masu tafi ba wanda ya tambayi inda aka ajiye tsohuwar muryar.