Furar da Na Dama wa Kuala Lumpur

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da na ɗauki ƙwaryar fura zuwa biki a Isa ba. Ko na so in manta, matan unguwarmu ba sa bari.

Ɗana yana karatu a Kuala Lumpur, can Maleshiya. (Sunansa kam ba ku jinsa a bakina, ɗan fari ne.) Tun da ya tafi ban taɓa tambayar kowa lafiyarsa ba. In ya kira waya sai in miƙa wa ƙannensa, in koma bakin murhu in kasa kunne. Amma Allah ya sani kewarsa tana cina, musamman in na dama fura na ga ludayinsa a rataye.

Sai na ji Nasiru, ɗan aminiyata wanda ke koyarwa a can, ya zo Isa auren ƙanwarsa, yau zai juya. Ni tunanina mai sauƙi ne: mota ce ke ɓata lokaci, jirgi kuwa ai ƙiftawa da bismillah. Na daka gero, na sa citta da kanumfari, na dama da nono mai kauri, na rufe da faifai. Tun daga Sabon Birni ƙwaryar tana kan cinyata, duk ramin da muka faɗa sai direba ya sha faɗa.

Tsakar gida cike da mata, Nasiru ya shigo sallama. Na tura masa ƙwaryar, na yi ƙasa da murya (a zatona).

"Ka kai ma abokinka wagga. Ka ce shi sha kahin ta yi tsami."

Yaron kirki, ya durƙusa yana danne dariya.

"Inna, yau Sakkwato za ni kwana, gobe Abuja. Sannan mu tashi, mu sauka wata ƙasa, mu sake jirgi, mu ƙetare teku. Ko ruwa ba a barin mu shiga da shi. Yanzu da muke jiran la'asar, su can har sun kwanta."

Wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Ashe dai ana son ɗan fari!"

Gida ya ɗauki shewa. Na ja mayafi na rufe fuska, na rasa inda za ni sa kaina. Amma abin da ya fi dariyar ciwo shi ne maganar la'asar. Duk shekarun nan in na shimfiɗa darduma, ina jin sanyi a raina cewa shi ma yana tsaye can. Ashe ko ranarmu ba ɗaya ba ce.

Na komo gida da ƙwaryata, furar ta yi tsami tun a hanya.

Yanzu kilishi da yaji nake aikawa, su ba sa gaggawa. In ya kira kuma ni ke ɗauka, tunda asiri ya riga ya tonu. Tambayar farko da nake yi masa ita ce wace salla suka yi.