Sarauniyar Malam Nababa

Ranar da na fara zama gaban darar Turawa, soja guda na tauna da haƙorina. Ba laifina ba ne. An jera 'yan gumakan katako, farare da baƙaƙe, a kan allo, ɗaya ya ɓata an cike gurbinsa da ƙuli-ƙuli, ni kuwa ban karya ba. Ina cikin tauna Malam Nababa ya zare mini ido, ya ce in da a Ikko ne da sai kotu ta raba mu. Na ba da haƙuri, na je wajen Fadima mai ƙuli na samo masa wani sojan, har ya fi na farkon ƙiba.

Wa ya isa ya yi jayayya da Malam Nababa? Dubagarin Zakirai ke nan, dodon randuna, wanda sauro ke jin takun takalminsa ya tattara iyali ya yi ƙaura. Gajeren wandon kaki, doguwar safa har gwiwa, hular kwano ko da rana ta kai ta dafa ƙwai. A bayan idonsa Bature-ya-ce muke kiransa, don ko atishawa zai yi sai ya jingina ta ga Bature.

Allon nan da wata kujera mai naɗewa, wani Baturen gona ne ya bar masa da zai koma gida bayan yaƙin Hitila. Malam ya ce kyautar girmamawa ce. Kukun Baturen ya ce cikin tarkacen da za a ƙona aka tsamo su, amma kuku ai hayaƙi ya ɓata masa ido.

A gindin tsamiyar bakin kasuwa muke dararmu ta gado, mu tona ramuka a ƙasa, wannan da kara wancan da tsakuwa. Ka'idar wurin kuwa tun kakanni ɗaya ce: wanda aka ci ya tashi, ya ba wani wuri. Nan Malam Nababa ya kafa kujerarsa a tsakiyarmu, shi a sama mu a turɓaya, ya yi shela cewa ya yarda da ka'idar. Duk wanda ya ci shi, kujera ta zama wurin zamansa. Ya faɗi haka yana dariya, irin dariyar wanda ya yi wa kaza alkawarin doki.

Ya koya mana tafiyar kowane gunki, sannan ya kawo babban darasi.

"Bature ya ce, mutum mai wayewa, da zarar an ci sarauniyarsa, ba ya tsayawa jan rai kamar ɗan akuya a hannun mahauci. Sai ya kwantar da sarkinsa da hannunsa, ya miƙa hannu a gaisa. Ci gaba da wasa bayan sarauniya ƙauyanci ne."

Mu kuwa ba abin da muke tsoro kamar ƙauyanci, da yake a ƙauye muke. Sai ya zama Malam bai san komai a allon ba sai farautar sarauniya. Da ya cafke ta zai jingina, ya haɗa yatsu a kan tumbi, mu kuma mu kwantar da sarki cikin wayewa mu koma turɓaya. Rani guda cur ba wanda ya ga yadda ƙarshen wasan nan yake.

Can gefe Basiru mahauci yake da teburinsa. Ba ya magana, ba ya tambaya, yana korar ƙuda da reshen dogonyaro yana leƙen allo. A dararmu ta ƙasa ba mai zama gabansa sai baƙo. Wata ranar kasuwa, ana gab da saukar damina, ya wanke hannu, ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, a taimaka mini da ɗaya."

Malam Nababa ya dubi jama'a, ya ce ilimi ba ya ƙyamar kowa.

Ba a yi nisa ba dokin Basiru na kan allo ya yi tsallen nan nasa na karkace, ya dira inda ya tsare sarki da sarauniya gaba ɗaya. Dole sarki ya kauce. Basiru ya sa yatsu biyu ya ɗauke sarauniya kamar yana cire tsoka daga tsinke, ya goge ta a riga, ya jefa aljihu.

Har mai tallan fura sai da ta sauke ƙwarya. Kowa ya zuba wa hannun Malam ido, muna jiran wayewa. Hannun ya tashi, ya nufi sarki, ya wuce shi, ya je ya gyara hular kwano.

"Bature ya ce gaggawa aikin shaiɗan ce."

Wani ya ce shi a wajen kakarsa ya ji wannan. Malam bai kula shi ba. Ya yi tunani har azahar, aka yi salla aka dawo, ya yi tunani har la'asar. In ya sallama, mahauci ya hau kujerar Bature a gaban duk wanda ya taɓa fasa wa randa. In ya ci gaba, ya zama baƙauye da fatawar bakinsa. Gaba kura, baya sayaki. Da rana ta yi sanyi sai ya yi gyaran murya.

"Jama'a, mas'alar nan ta fi ƙarfin Zakirai. Bature ya yi magana a kan sarauniyar da aka ci, amma bai ambaci wadda mahauci ya ci ba. Zan rubuta masa. Kafin amsa ta zo, wasa nawa ne, kuma mai wasa ba ya tashi."

Ya rubuta kuwa, shafi uku. A bayan ambulan ya sa: Zuwa ga Bature, Ingila.

Aka kife allo da kwando a inda yake, aka ɗora dutse. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Kullum da hantsi Malam zai ɗauko kujera a kansa, ya kafa ta gaban kwando, ya zauna yana nazarin wasan da ba ya gani. Duba randuna ya tsaya, sauro suka dawo da 'ya'ya da jikoki. Basiru in zai wuce sai ya rusuna ya ce, "Malam, ana tunani?" Malam ya ce, "Ana yi." Ni kuwa ban yarda ranar tashinsa ta wuce ni ba, kullum ina gefe.

Gero ya nuna, aka cire gyaɗa, Ingila shiru. Ran nan jama'a suka matsa a buɗe kwando ko iska ta sha. Aka ɗaga. Sojan Fadima tuni tururuwa suka yi masa jana'iza. Gara ta gina gari a kan allo, ta cinye gindin farin sarkin Malam, ga shi nan kwance rigingine.

Basiru ya miƙa hannu a gaisa.

"Bature ya ce da hannunsa," in ji Malam Nababa. "Gara ba hannuna ba ce." Ya ɗebi laka a bakin kwata, ya manna wa sarki, ya tsayar da shi a karkace kamar mai ciwon baya, ya koma ya jingina.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Haba Malam, ko gara ta duba ta ga ba mafita. Ka sallama mana kowa ya huta."

Ya dube ni daga ƙasan hular kwano, tun daga kai har turɓayar da nake zaune.

"Khalilu, ita gara damina guda ta yi tana aiki kafin ta kai ga sarkina. Kai ko noma na biyu ba ka yi wa gonarka ba, kana nan gindin kujerar da ko na tashi ba kai za ka hau ba. Matsa can, ka tare mini iska."