Na'ura Ta Rufa Min Asiri, Bakina Ya Tona

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da na tsufa na manta sunayen jikokina. Na baro Kibiya da safe, na ce wa Baba zan je duba gwaggona a Rano, alhali makarantar koyon aikin jinya ta Kano zan nema. Mama ta sani. Shirinmu shi ne a bari a gama girbi, sannan Kawu ya je ya gaya masa cikin ladabi. Baba mutum ne da in ya ji zancen gidansa a bakin bare, to zancen ya mutu, ko da alheri ne.

A cibiyar kwamfutar da na je cike takardar neman makarantar akwai tabulet biyu, ƙananan kwamfutocin hannu, da aka ɗaure jikin ƙarfe, kowa ya zo ya yi abin da ya kawo shi ya ba na baya wuri. Na cike komai, sunana, hotona, har sunan Baba. Ma'aikaciyar wurin, Anti Bilki, ta fara yi min bayani, na katse ta: "Anti, na iya." (Ban iya ba. Jira ne ba na so.) Na gama na fice.

Sai da na kai bakin titi zuciyata ta ce, kin rufe shafin kuwa? Ban rufe ba. Na waiwaya, wa zan hango ta taga a gaban tabulet ɗin? Alhaji Sale, direban Kibiya zuwa Kano, wanda kullum bayan la'asar benci ɗaya suke zama da Baba. Labari ba ya kwana a cikinsa.

Na tsaya cak. Har ina ganin Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yadda yake yi in ransa ya ɓaci, Mama na shan faɗa saboda ni, makaranta ta bi ruwa.

Na koma a guje, na ratsa layi, na fizgi tabulet ɗin. Ashe in an taɓa wayar da ta ɗaure shi ƙara yake yi. Ya hau kuka kamar motar asibiti, kowa ya juyo, ni kuma na ɗaga murya don Alhaji ya ji: "Don girman Allah kada ka gaya wa Baba na nemi makarantar jinya."

Ya sauke tabarau a hankali. "Makarantar jinya? Ke 'yar Malam Idi?"

Na kalli fuskar tabulet ɗin. Babu sunana, babu hotona, sai shafin sabunta lasisin tuƙi.

Anti Bilki ta kashe ƙarar ta ce, "Abin da nake son gaya miki ke nan, Hajiya Na-iya. Mutum na tashi, na'urar take goge komai. Ko ni ba zan ga abin da kika rubuta ba."

Alhaji ya ce, "'Yata, na ba ki zuwa la'asar. Bayan nan ban yi alkawari ba."

A motarsa na koma gida (wace motar kuma zan hau?). Na durƙusa gaban Baba na faɗi komai. Ya cire hular kuwa. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba, a na huɗu ya ce a kira Kawu a duba takardun.

Yanzu in ana min bayani, nakan bari a kai aya. Na'ura dai an yi mata abin goge sirri. Bakina ne har yau ba a samo masa ba.