Rasuwar Sifirin Hagu Mai Falle Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da tsatsa, nake sanar da 'yan'uwa direbobi, da makanikai, da maƙwabta, rasuwar sifirin baya na ɓangaren hagu na tsohuwar a-kori-kurata. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan kwalbatin da ke bakin layinmu, ɗauke da buhun siminti ashirin da biyu. Shekararsa talatin da ɗaya a bakin aiki, bai taɓa neman hutu ba.

Ga wanda bai san marigayin ba, tunda ba kowa ke leƙa ƙarƙashin mota ba, falle bakwai ne na ƙarfe, an jera su dogo a kan gajere, an ɗaure su da ƙusa ɗaya a tsakiya. A kansa bayan mota yake zaune. Duk abin da na yi taƙamar na ɗauka a rayuwata, shi ne ya ɗauka: katako, bulo, kayan masu tashi daga gidan haya, har da wata saniya da ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Inji ake yabo, gilashi ake gogewa, shi kuwa rabonsa laka. Bai taɓa riƙe ni a zuci ba.

Aibunsa ɗaya, in aibu ne: ba ya iya shiru. In babu kaya sai ya riƙa “ƙi-ƙi-ƙi” ƙasa-ƙasa. In ya sha lodi kuma ya hau kwalbatin layinmu, sai ya buɗe murya, “ƙiiii-ƙwak, ƙiiii-ƙwak,” sau biyu, ba ƙari ba ragi. Direbobin tasha sun daɗe suna tsokanata wai motata na fama da ciwon ƙugu, in kai ta asibiti.

Maganin kukan ba wani abu ba ne. A ɗaga mota, a buɗa fallayen, a cusa musu giris. Aikin rabin yini ne. Wata safiya na sayo gwangwanin giris ɗin, na shimfiɗa buhu zan shiga ƙarƙashi, sai ga maiɗakina ta fito da tsintsiya a hannu.

“Maigida, me za ka yi masa?”

Na ce zan rufe masa baki ne, na gaji da dariyar mutane.

“To in ka rufe masa baki, ni da me zan san ka dawo?”

Na naɗe buhuna. Tun daga ranar, da zarar ya yi kukan nan biyu a bakin layi, za ta ɗora ruwan zafi, ta zo ta zare sakatar ƙofa. Shekara ashirin da uku ban taɓa danna hon a ƙofar gidana ba.

Bana shekararta huɗu da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Gwangwanin giris ɗin yana nan a bayan ƙofa, ban buɗe shi ba. Bakaniken da ke duba mini mota ya gargaɗe ni ya fi a ƙirga. “Baba, tsatsa ta cinye tsakanin fallayen nan. Ka bari in shafa musu mai, ko kaɗan ne.” In ce masa to, sai wani satin. Abin da ban gaya masa ba shi ne, kullum da yamma nakan rage gudu a kan kwalbatin don marigayin ya yi kukansa sosai. Daga nan zuwa ƙofar gida taku arba'in ne, kuma a cikin takun nan arba'in nakan manta cewa ni zan sauko in buɗe ƙofar da kaina. Wannan mantuwar ita ce abin da ya rage mini, kuma ita nake karewa.

Jinyarsa ta fara da daminar bana. Mota ta soma karkata hagu, muryarsa ta dusashe. Ranar Talatar ya ce “ƙiiii,” ban ji “ƙwak” ba. Sai “ƙas!” Babban fallen ya karye dab da inda yake maƙale da jikin mota. Ba na ɗora wa siminti laifi, ba na ɗora wa kwalbati. Ni na hana shi mai, na sani.

An yi iya ƙoƙari. Mai walda ya juya shi ya ce ƙarfen sifirin ba ya riƙe walda, in ya liƙa ma a hanya zai bar ni. Kwana tara ina zagaya kasuwar tsofaffin kayan mota, har na samu wani mai falle bakwai. Na ƙirga sau biyu, na ɗauko shi ina murna, ban auna ba, don a zamaninmu ƙirga falle kawai muka sani. Bakanike ya kwantar da shi kusa da marigayin. Ya fi shi faɗi da yatsa ɗaya, ƙusar tsakiyarsa kuma ta matsa gaba da yatsa uku. Ya ce in ya ɗaura shi, tayar hagu za ta riga ta dama, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Irin nawa an daina yinsa tuntuni.

Ƙarshenta sai aka sauya bayan motar gaba ɗaya da na wata a-kori-kura ta baya-bayan nan. Aka yanke tsofaffin maratayan da ke riƙe sifirin a jikin mota, aka liƙa sababbi. Sababbin sifirin falle huɗu ne masu kauri, da roba a tsakaninsu. Ba zan yi musu ƙazafi ba, suna da ƙarfi, mota ta miƙe tsaf. Sai dai ko uffan ba sa cewa. Jiya telan da ke jikin gidana ya gan ni a ƙofa ya zabura: “A'a, Baba direba, yaushe ka dawo? Ai na zaci tafiya ka yi.” Kwana uku ke nan ina shiga ina fita ta gaban shagonsa.

Marigayin ya bar ɗan'uwansa na dama, wanda lafiyarsa ƙalau amma shi ma aka sauke shi. Na roƙa a bar mini shi a jikin mota, bakanike ya ce, “Ba ya yiwuwa, Baba. In ɗaya ya tafi, ɗayan ba ya iya zama shi kaɗai.” Na dube shi, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwance noti. Marigayin ya kuma bar tayoyi biyu da suka sha wahala tare, da ni, da 'yata da ke aure a nesa. Da na gaya mata a waya ta ce, “Haba Baba, ƙarfe ne fa.” Can ta ce, “Mu ma da shi muke sanin ka dawo, mu ruga mu ɗauki littafi kamar karatu muke.” Muka yi dariya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a maƙerar da ke bayan 'yan katako. Masu sayen tsofaffin ƙarafa su yi haƙuri, ba za a ɗora shi a sikeli ba. Maƙerin ya yarda zai ƙera mini maratayan da ƙofar gida za ta riƙa juyawa a kansu daga fallen marigayin na biyu, na kuma roƙe shi kada ya goge su da kyau. Ɗan'uwansa na dama zai zauna jingine a ƙarƙashin tagar ɗakina.

Ana karɓar gaisuwa a gida, kowace rana, kowane lokaci. Don Allah kada kowa ya zo da mai. Wanda ya iso kada ya ƙwanƙwasa, ya tura ƙofar a hankali, ya bar ta ta yi kuka sau biyu. Ina ciki, zan ji, zan ɗora ruwan zafi.