Tazarcen da aka tambaye ni a Paiko

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka je Paiko neman wa Usman aure. Usman ɗan marigayi yayana ne, ni na riƙe shi tun yana firamare. Tun da ya ce mini ya samu mata nake hango kaina a masallaci, a sahun gaba, liman na tambaya ina cewa na karɓa masa. Wannan shi ne burina, ba ni da wani.

Ni tela ne a unguwar Sauka Kahuta. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma a fagen damuwa ko farfesa bai kai ni ba. In na kulle shago sai na dawo na taɓa kwaɗon, in na kai bakin titi na sake dawowa.

Yarinyar sunanta Ladi, iyayenta Gbagyi ne manoman doya, mu kuma asalinmu Bida. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Siyasa ce ta tsaya mini a rai. Lokacin ana ta musu a rediyo a kan ko shugaban ƙasa zai zarce, masu jiran ɗinki a shagona kuma sun riga sun yayyanka jihar nan kamar yadi, nan na wane ne, can na wane ne. Mai kawo mini zare ya rantse cewa mutanen wajen Paiko duk inda shugaban ƙasa yake can suke. Ni kuwa (Allah na gani) ba shi na zaɓa ba.

Maman Fati, matata, ta ga ina ta kai da komo ta ce, "Malam, aure za ku nema, ba ƙuri'a ba. Ka yi gaisuwa ka yi shiru."

Na ce to. Amma a cikin motar Paiko, ana ta hira, ni ina haddace amsar da zan bayar in an gwada ni.

Aka shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin mangwaro, aka kawo kunu. Kawu Ndagi, ƙanin mahaifiyarmu, shi ya yi magana a madadinmu, kuma komai ya tafi daidai. Har na fara sakin jiki. Sai mahaifin yarinyar, Baba Ɗanladi, wani dattijo siriri mai magana a hankali, ya juyo gare ni.

"Malam, an ce kai ne baban yaron. Bari in tambaye ka. Tazarce fa, yaya kake ganinsa? Har yanzu ana yi, ko ya wuce?"

Na ce a raina, ga jarrabawar ta zo.

Na gyara zama na ce, "Baba, tazarce ai dole ne! Ni a wurina ba wa'adi biyu ba, ko uku, ko huɗu, a bar mutum ya yi ta yi. Shugaban ƙasa uba ne, wa ke ƙayyade wa uba lokaci? 'Yan majalisar nan da alƙalai su ke ɗaure masa hannu. Da ni ne, da an sallame su ya yi aikinsa."

Kawu Ndagi ya yi gyaran murya, ya sake yi, har ya taka mini ɗan yatsa. Ni kuwa na ɗauka yana nufin in ƙara. (Na ƙara.) Na ce ai kowa ya san ku mutanen Paiko kuna tare da shi ɗari bisa ɗari, mu ma haka muke a gidanmu.

Baba Ɗanladi ya ajiye kofin kununsa ya ce, "Malam, riga nake tambaya. Usman ya ce kai tela ne. Ina so ka ɗinka mana tazarce ni da ƙannena na ɗaurin aure, ban sani ba ko an daina yayinsa."

Daga bayan zana na ji wata mata ta fashe da dariya, wata na ce mata ta yi shiru, ita ma tana dariyar. Ni da na ɗinka wannan doguwar rigar fiye da yadda zan iya tunawa! Akwai ma guda biyu rataye a shagona a ranar.

Da a nan aka tsaya da da sauƙi. Dattijon ya ce, "Amma tunda ka kawo maganar. Motar da ta kawo ku, in direba ya ce birki ne ke hana shi gudu ya cire, za ka shiga? Majalisa da kotu ai birki ne. Doka ta ce sau biyu, ya gama ya koma gidansa kamar kowa. Kuma wa ya faɗa maka abin da muke zaɓa? A gidan nan ni daban, uwar Ladi daban, Ladi ma ba ta faɗa mana nata."

Don in gyara sai na ce, "Wallahi Baba, ni ma ba shi na zaɓa ba. Ni ban ma yarda da abin da na faɗa ba."

Ya dube ni ya ce, "To wanne ne naka, na ɗazu ko na yanzu?"



Sun ba da yarinyar, alhamdu lillahi, don ba su ga laifin Usman ba. Amma da za mu tashi Baba Ɗanladi ya ja Kawu gefe. A mota Kawu ya gaya mini abin da ya ce, yana kallon taga: mutumin da zai ce ya karɓi 'yarsa, yana so in ya faɗa ya zama da gaske ya karɓa.

Ranar ɗaurin aure Kawu Ndagi ne ya zauna gaban liman a maimakona. Ni ina can baya kusa da takalma, ina jin muryar wani tana faɗin kalmar da na yi shekaru ina tanadi. Baba Ɗanladi da ƙannensa sun sha tazarce, ɗinkin wani telan. Kafaɗar rigar Baba Ɗanladi ta ɗan karkace, na gani tun daga nesa, na haɗiye.

Da aka shafa fatiha Usman ya ratso mutane ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, ba komai." Da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi.

Har yau ina jin musun rediyo, kuma na san inda na tsaya, ko da mai tambayar ba zai ji daɗi ba. Amma in kai tela ne aka ce maka tazarce, don Allah kafin ka rushe majalisa ka fara tambaya, yadi nawa?