Rasuwar Ɗan Matsi, Mai Cinye Amana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi a ƙarƙashinsa, iyalan Malam Mu'azu Abdoulkarim, mai shagon buga takardu a unguwar Lazaret ta Yamai, suna sanar da rasuwar Ɗan Matsi, tsohon tsarin nan na ordinatar, wato kwamfuta, da ke matse fayiloli ya ɗaure su ƙunshi guda.

An haifi marigayin a ƙasar waje, zamanin da faifan disket ba ya ɗaukar hoto biyu sai ya yi nishi. Ya iso Yamai a jakar wani ma'aikacin gwamnati, ya sauka hannun Malam Mu'azu, wanda tun ranar ya daina gaishe da masu tafireta. A faɗi gaskiya, marigayin ya iya aiki. Ka ba shi kaya niƙi-niƙi, ya matse, ya yanka, ya rarraba cikin disket-disket, yana ƙirrr-ƙat, ƙirrr-ƙat. Sai dai girman kai! Ko da ƙannensa suka taso, su Zip, duniya ta koma gare su, shi da ubangidansa suka ce yara ne.

Shekarar da mahaifiyarsa Inna Aishatu ta rasu, Malam Mu'azu ya kwashe hotunanta kaf ya zuba a na'ura, ya damƙa wa marigayin. Disket bakwai suka ci. Na takardar kuwa ya watsa su a kwali a gidansu na unguwar Harobanda da ke bakin kogi, yana cewa takarda ta ƙauyawa ce. Da kogi ya yi ambaliya ya tafi da kwalin, ko a jikinsa. Wai Inna tana cikin disket.

Ciwon ajali ya bayyana ne ranar da Zulaiha, autar gidan, wadda Inna ta bari tana tatata, ta roƙi yayanta Malam Mu'azu ya nuna mata fuskar uwarta. Aka kakkaɓe tsohuwar ordinatar. Marigayin ya haɗiye na ɗaya, ya haɗiye na biyu, har na huɗu, sannan ya rubuta cikin ladabi: a saka na biyar.

Ina na biyar? Malam Mu'azu ya goge shi tuntuni ya zuba wa wani katin biki, yana lissafin ai saura shida, kamar buhunan gero ne da za a ɗauki ɗaya sauran su zauna lafiya. Ashe ƙunshin ɗaya ne, kuma marigayin ya rantse ko duka ko babu. An kai shi wurin masu gyara har unguwar Gaweye, sun duba, sun yi dariya, sun ba da haƙuri. Ya cika yana neman na biyar. Malam Mu'azu bai iya kallon ƙanwarsa ba, kuma har yau bai iya ba.

Ya rasu ya bar disket shida marayu, da ordinatar mai tari, da ubangida wanda bakinsa ya mutu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a juji bayan kasuwar Lazaret. Ba wanka, ba likkafani, ba zaman makoki. Bai cancanta ba. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da goro. Sai dai duk wanda ya yi biki ko suna a Harobanda a shekarun baya, don Allah ya duba tsofaffin hotunansa, can gefe, wajen masu rabon tuwo. In akwai wata doguwa mai wushirya, Inna ke nan, a kawo wa Zulaiha, ko da rabin fuska ne.