Jar Akuyar da Dije Ta Kawo

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na riƙe lasifika a Yashe ba. Lokacin naira ba ta daɗe da korar fam da sule ba, ni kuma sabon malamin firamare ne, ina ji da kaina da wandona mai faɗin ƙafa. Muna da ƙungiyar samari, mun yi gayya mun gina ɗakin ƙasa inda yaran da ba su samu wucewa sakandare ba za su riƙa koyon kafinta da ɗinki. Gini ya tashi, rufi ya gagara. Damina kuwa ta matso, kuma kowa ya san abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa marar rufi.

Sai ƙungiya ta tura ni Kankiya wani ɗan kwas na koyon neman taimako. Mai koyarwar, wani ma'aikacin raya karkara mai ƙaton agogo, ya nanata mana cewa roƙo daga gida ake fara shi, kuma duk wanda ya bayar a gode masa a gaban jama'a, da sunansa, don na baya su ji ƙaimi. Na haddace wannan kamar karatun allo.

Na fara daga gida, nan kuwa gizo ke saƙa, domin ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, daga can sai makarantar kwana. Na san kunya ce irin ta al'ada, amma sanin bai hana ni kwaɗayin ta nuna tana tare da ni ba. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na yi ta zuba bayani (har da "ci gaban al'umma", Allah ya yafe mini). Tana kaɗi, ba ta ɗago ba. Da na gama, ta dubi bango ta ce, "Allah shi taimaka." Na tashi raina a ɓace.

Ranar gidauniya muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari bayan la'asar, muka aro lasifika mai batir daga Kusada. Maza sun cika, mata na saurare ta bayan katanga. Wani ɗan kwangila da muka dogara da shi bai zo ba, gaisuwa ya aiko. Na yi kira, na sake kira, kowa ya sunkuyar da kai. Gumi ya jiƙa mini riga.

Ana haka sai ga Dije dillaliya, wadda babu gidan da ba ta shiga a garin, jaye da wata jar akuya mai ciki.

"Malam, ga wagga. Wata ta aiko, ta ce kar a hwaɗi sunanta."

"Ai ba a haka, Dije. A Kankiya an ce sai an faɗi suna."

"To, a Kankiya ke nan," in ji ta.

Daɗi ya kwashe ni. Na ɗaga murya na ce jama'a su dubi wannan baiwar Allah. Da na tsaya nan, da na tsira. Amma haushin da ke cikina ya samu ƙofa, na ce, "Ni da ke gabanku, ko a gidanmu ban samu ƙwayar gero ba. Allah ya ba wannan mata 'ya'ya masu hankali, waɗanda za su san darajarta."

Ban taɓa jin amin mai ƙarfin ta ranar ba. Dattawa na rufe baki da hannun riga, kafaɗunsu na rawa. Ni kuwa na ɗauka iya magana ce, sai na maimaita addu'ar (sau nawa, kada ku tambaye ni). Kawu Sule, ƙanen Inna, shi ya jawo gefen rigata.

"Kai, zamna hakanan. Ba ka san akuyar uwarka ba? Ita ke nan gare ta."

Ashe duk Yashe an san akuyar nan, ni kaɗai ne baƙo. Kuma lasifikar tana fuskantar gidanmu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Aka watse babu wanda ya ƙara ba da komai, na ce shi ke nan, na kashe rufi. Amma daga washegari Dije ta shiga zirga-zirga. Yau kaji, gobe kwaryar wake, jibi mu tarar an jingine damin gero a cikin ɗakin, duk babu suna. Da su muka sayi kwano, ruwan farko a kan rufi ya sauka.

Sai dai kafin duk wannan, dole na koma gida a yammacin nan. Na tarar da Inna a bakin murhu, ta ba ni baya, Dije na zaune gefenta. Na durƙusa a bayanta.

"Dije," in ji Inna, "ce ma mai lasifika ga tuwonshi nan." Ta gyara itace. "Kuma addu'arshi ta yi kyau. Ni ma na ce amin."

Dariya na ji a muryarta, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ci tuwon nan hawaye na zubo mini, ina jin kunya, ina jin daɗi.

Daga baya na koya wa samari da yawa neman taimako. Nakan gaya musu mutanenmu na bayarwa, amma fuska a juye suke yi. Kuma kafin mutum ya ɗauki lasifika ya yi ƙarar gidansu, ya fara leƙa turken uwarsa ya ga ko akuya na nan.